Ina Gidan Mai Idon Matambayi?

In baƙo ya sauka Kano ya ce a kai shi gidan wani marubuci da aka mayar gidan tarihi, wuri biyu ne za su zo wa mai masaukinsa a rai. Na farko Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara da bakan gizo, wanda ko da tsakar bazara ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. A nan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya zauna, Baturen nan haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda ya ƙetaro hamada daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912. Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Na biyu Mambayya da ke Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya koma cibiyar nazari ta Jami'ar Bayero bayan rasuwarsa a 1983. Su biyun duk sun riƙe alƙalami. Ɗan Hausa ya buga labarin tafiyarsa a 1910, Malam Aminu kuma ya rubuta wasannin kwaikwayo. Sai dai makaranta ce ta ceci gidan farko, siyasa ta ceci na biyu. Gidan maƙagin labari ba ya cikin wuraren da ake kai baƙi a garin da ya fi kowane gari fitar da littattafan hikaya na Hausa.

Alhali kuwa tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko, da Bakano a wurin.

Ga yadda abin ya faru. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a 1933, tana Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East. Makarantu sun fara yaye masu iya karatun boko, amma ba abin da za su karanta don nishaɗi. East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana kwaɗaitar da malamai su ƙago labari mai tsawo daga kansu, aka sa gasa da kyauta. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jiki Magayi na John Tafida da East kansa, sai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Duk ɗalibin Hausa da ya zauna jarrabawa ya haddace wannan jeri. Amma a tara ɗaliban a ce wanda ya karanta na biyar ɗin ya ɗaga hannu, sai a ga kowa ya sunkuyar da kai. Huɗu sun rayu, ɗaya ya zama suna kawai a jeri.

Tun kafin a kai ga Gwarzo ma, labarin gasar kanta yana tangal-tangal. Wane littafi ne ya zo na ɗaya? Da yawa daga littattafan makaranta sukan ɗora Ruwan Bagaja a sama ba tare da wata-wata ba. Wasu rubuce-rubucen kuma, musamman na tarihin rayuwar Imam, sun ce kyauta ta biyu ya samu, har akan ba Ganɗoki ta farkon. Akwai ma masu ganin Jiki Magayi bai kamata a ƙirga shi cikin 'yan takara ba, tunda alƙalin gasar, wato East, na da hannu a cikinsa. In har matsayin littafin da ya fi kowanne shahara bai tsaya da ƙafafunsa ba, to mai neman sawun wanda aka manta sai ya ɗaure ɗamara.

Abin da aka saba faɗa game da Malam Muhammadu Gwarzo bai wuce layi kaɗan ba. Mutumin Gwarzo ne, tsaran su Imam da Tafawa Ɓalewa, ya yi Kwalejin Katsina, ya kama aiki a En'e ta Kano. Littafinsa labarin ɓarawo ne mai rayuwa da wayo da dabara, gajere ne kuma. Akwai wani abu guda da ya fi tsaya mini a rai: an taɓa buga Idon Matambayi da Ruwan Bagaja a cikin bango ɗaya. Ke nan akwai lokacin da duk wanda ya sayi ɗaya ya sayi ɗayan, masu karatunsu ɗaya, kantin da ake sayar da su ɗaya. Daga baya Ruwan Bagaja ya ci gaba da fitowa shi kaɗai, bugu bayan bugu, abokin tafiyarsa kuma ya faɗi a hanya. To me ya raba su?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ta tarbiyya. Littafin da gwarzonsa ɓarawo ne, a cewar masu wannan ra'ayi, ba zai samu karɓuwa ga malaman makaranta da iyayen yara ba, a ƙasar da tun asali ake yi wa boko kallon hadarin kaji. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta jure bincike. Alhaji Imam, gwarzon labarin Ruwan Bagaja, ba waliyyi ba ne. Yawancin littafin damfara ce da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan ƙulli, gobe wancan ya rama, kuma abin da yara suka fi so ke nan. Jiki Magayi ya fi haka nauyi. Kyauta, yaron da aka yi wa asiri, ɓarawo ya zama, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Ga sata, ga tsafi, ga kisan kai, amma littafin ya daɗe a manhaja. In da ɓarawo ne ke kashe littafi, da Jiki Magayi aka fara binnewa.

Bayani na biyu ya fi ƙarfi: littafi yana bin sunan mai shi. Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a Janairun 1939. Bello Kagara ya zama Walin Katsina. Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista, kuma in aka dubi tarihin Shaihu Umar za a ga yadda ɗaukakar mutum ke jan littafinsa. An kashe shi a Janairun 1966, Mervyn Hiskett ya fitar da fassarar Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Ba na shakkar cewa Shaihu Umar littafi ne mai daraja a karan kansa, labarin bauta da rabuwar uwa da ɗa wanda har yau yake taɓa zuciya. Amma da a ce marubucinsa ya ƙare rayuwarsa yana malamin makaranta a Bauci, da wuya ya samu duk wannan gata. Matsalar wannan bayani ita ce John Tafida. Mutumin Wusasa ne wanda tarihi bai faɗi abu mai yawa a kansa ba, bai riƙe sarauta ko muƙamin da ya kai na sauran ba, amma littafinsa ya rayu. Za a iya cewa sunan East da ke kan bangon ne ya riƙe shi. In haka ne, to ba shaharar marubuci ce magana ba, kusanci da maɗaba'a ne.

Wannan ya kai mu Zariya, kuma a nan nake ganin an kusa da gaskiya. East ya ga hazaƙar Imam, ya sa aka aro shi daga Makarantar Midil ta Katsina a 1936 ya zo ya rubuta Magana Jari Ce. Daga baya Imam ya daɗe kusa da injin buga littafi, a Zariya kuma ya rasu a 1981. Hukumar Talifi ta haifi Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar NORLA ta zo a shekarun 1950 ta sake buga tsofaffin littattafai don yaƙi da jahilci, kamfanin buga littattafai na NNPC ya karɓi ragamar a 1966. A kowane mataki akwai wani zama da aka yi, aka ce a sake buga wannan, a bar wancan. Imam yana cikin gidan. East, wanda ke da rabi a Jiki Magayi, shi ne ma mai gidan na tsawon shekaru. Muhammadu Gwarzo yana Kano yana aikin En'e. Littafin Hausa a wancan zamani maɗaba'a guda ke gare shi, kasuwa guda kuma, wato makaranta. Wanda bai shiga manhaja ba ba a sake buga shi, wanda ba a sake bugawa ba kuma ba ya shiga manhaja, don ba a sa wa yara littafin da babu shi a kanti. Da zarar littafi ya zame sau ɗaya, ƙofar ta rufe ta ɓangare biyu. Sai dai wannan ya bayyana yadda mantuwar ta ɗore ne kawai. Bai faɗa mana dalilin zamewar farko ba. Ganɗoki ma a Katsina mai shi yake, Shaihu Umar a Bauci, kuma ba a yar da su ba.

Saura bayanin da ba a son faɗa a gaban 'yan garin mutum: wataƙila littafin ne bai kai sauran ba. Manazarta irin su Ibrahim Yaro Yahaya a Hausa a Rubuce na 1988, da Graham Furniss a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, duk sun ambace shi, amma ba shi ne aka fi tsayawa a kai ba in ana zancen biyar ɗin. Kowane ɗaya daga huɗun yana da igiyar da ta ɗaure shi daga farko zuwa ƙarshe: neman ruwan magani, yaƙi da Nasara, neman ɗa, ɗaukar fansa. Labarin dabarun ɓarawo kuwa yana iya zama wayo bayan wayo, wanda in an cire ɗaya ba a rasa komai ba. Ina karɓar wannan hujja da hannu ɗaya. Abin da ya hana ni karɓa da hannu biyu shi ne, East ba mai sassauci ba ne wajen zaɓe, ya kuma ga littafin ya isa a buga shi, har ya isa a haɗa shi da Ruwan Bagaja. Hukuncin cewa littafi bai yi armashi ba kuma yawanci daga bakin mutanen da ba su taɓa riƙe shi ba yake fitowa, sun ji ne daga wanda ya ji.

To, a bar littafi, a nemi gida. In mutum ya bar Kano ta yamma, ya wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, hanya za ta kai shi Gwarzo, ɗaya daga ƙananan hukumomin Kano ta Arewa, kafin ta miƙe zuwa Dayi ta ƙasar Katsina. Duk tsawon hanyar gona na jingine da gona. Gero da dawa da wake da gyaɗa, ɗorawa da tsamiya da kuka tsaye a tsakaninsu, kowace bishiya da mai ita. Ƙasar Kano ta daɗe da cika har babu saurar da ake bari ta huta, taki ne ke riƙe ta shekara bayan shekara. Wanda ya tashi a irin wannan karkara ya san fili ba ya zama banza, ɗaki ma haka.

Amma tun kafin a tambayi kowa, sunan kansa na iya ɓatar da mai nema. Yaran da suka shiga boko a wancan zamani da sunan garinsu aka rubuta su a rajista: Aminu Kano, Bello Kagara, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sunan yana nuna inda aka fito, ba ya nuna inda aka zauna. An haifi Imam a Kagara, ya rubuta Ruwan Bagaja yana koyarwa a Katsina, ya yi yawancin rayuwarsa a Zariya. Wanne ne gidan marubucin? Haka ma'aikacin En'e ta Kano, aikinsa a birni yake. Gidan da ke Gwarzo zai zama gidan iyaye, inda aka binne cibiya. Ɗakin da aka zauna da fitilar ƙwai aka rubuta Idon Matambayi kuwa yana iya zama ɗakin haya, ko ɗakin saurayi a gidan wani ɗan'uwa, irin ɗakin da ba wanda ke tunawa da wanda ya kwana a ciki shekara casa'in da suka wuce. Gini ɗaya da za a iya nunawa da yatsa a ce ya haɗa yawancin marubutan nan shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Bello Kagara ya koyar, su Imam suka yi karatu. Ita kam ta zama gidan tarihi, sai dai don manyan 'yan siyasar da ta yaye ake ziyartarta.

Ko da an gano gidan, abu uku na jiransa. Na farko gado. Gidan Bahaushe ba ya zama na mamaci ko da kwana ɗaya, haƙƙin magada ne, mace ta ɗauki tumuninta, 'ya'ya su raba, a ja katanga a tsakiya ko a sayar a raba kuɗin. Na biyu gini. Ginin ƙasa sai da yaɓe kafin kowace damina, in aka yi sakaci shekara biyu ko uku sai soro ya rufta. Wanda ya samu hali kuma rushewa yake yi ya sa bulo da kwano, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Na uku, gida wurin iyali ne, baƙo iyakarsa zaure. A ce wa mutane su buɗe turakar kakansu ga duk wanda ya biya kuɗin shiga, abu ne da kunne bai saba ji ba. A Landan, gidan da Charles Dickens ya zauna daga 1837 zuwa 1839 ya kusa shan rusau, ƙungiyar masu son littattafansa ce ta tara kuɗi ta saya, aka buɗe shi a 1925. Musulunci ya tanadi hanyar da za a yi irin wannan, wato waƙafi, amma masallaci da makaranta da rijiya aka saba yi wa.

Kada a ce Bahaushe ba ya adana tarihi, don wannan ƙarya ce. Hubbaren Shehu a Sakkwato ba ya rabuwa da masu ziyara. Gidajen malamai a birni da ƙauye suna riƙe da littattafan kakanni na Larabci da ajami cikin gafaka da adaka, ana kare su daga gara da ɗigar ruwa, ana gadonsu kamar gona. Taskar Waziri Junaidu shaida ce. Ke nan akwai takardar da ake ɗauka da daraja, akwai wadda ba a ɗauka. East kansa, a maƙalar da ya buga a mujallar Africa a 1936, ya koka kan wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai, domin a wurinsu littafi na addini ne ko na ilimi, ƙaga labari kuwa aikin mata da yara ne a dandali da dare. A nan nake zargin asirin yake, ko da yake zargi ne. Cikin su biyar, Imam kaɗai ya mai da ƙaga labari sana'a. Sauran sun shiga gasa suna da sauran ayyuka, suka karɓi kyauta, suka koma bakin aikinsu. Mai yiwuwa ne Malam Muhammadu Gwarzo, da ya manyanta ya zama dattijo a hukuma, bai ɗauki wani ɗan littafin ɓarawo da ya rubuta yana saurayi a matsayin abin da za a tuna shi da shi ba. In mai abu bai bi kadin abinsa ba, ba a sa ran magada su bi. Wannan zato ya dace da duk abin da muka gani, amma dacewa ba hujja ba ce, kuma mutumin da zai tabbatar ko ya ƙaryata ba ya nan.

Ko Tafawa Ɓalewa, wanda aka gina wa kabari na alfarma a Bauci aka ajiye wasu kayansa a gefe don masu ziyara, Firayim Minista ake zuwa gani. Kaɗan ne ke tuna cewa a gaban kabarin marubucin Shaihu Umar suke tsaye.

Akwai dai wani abu da ya faru da ya sa ban yanke ƙauna ba, ya kuma sa na canza inda nake kallo. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976 an daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ba a gidan Adamu Halilu aka same shi ba, ba kuma a gidan Ɓalewa ba. A sito na gwamnati yake, cikin gwangwanaye, shekara da shekaru ba wanda ya duba. Hukumar Talifi ma ofishin gwamnati ce, Turawan mulki kuma ba sa kashe kwabo sai da takarda. Kyautar gasa kuɗin hukuma ce, dole an rubuta wanda aka ba da nawa aka ba shi, kuma wannan takarda kaɗai ta isa ta kashe gardamar na ɗaya da na biyu. Dole an yi jerin waɗanda suka aiko da rubutu, har da waɗanda ba a buga nasu ba, mutanen da ko sunansu ba ya cikin jerin da muke haddacewa. Dole an yi lissafin kwafi nawa aka buga, nawa aka sayar, kuma wani ya sa hannu ranar da aka ce a fitar da Ruwan Bagaja shi kaɗai.

Wuraren da irin waɗannan takardu za su iya kwana sanannu ne: Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardunan Arewa suke, da Gidan Arewa, da ma'ajiyar Kamfanin Gaskiya da ta NNPC a Zariya. Ɓangaren Kano kuma, ma'aikacin En'e yana da fayil, fayil kuma yana ɗauke da unguwa. Daga unguwa sai mai unguwa, daga mai unguwa sai dattawan da za su ce ga ƙofar gidan, ga jikokinsa. Tambayar farko da za a yi musu ba ta gini ba ce, a tambaye su ko akwai adakar takardu da ba a raba ba.